KOGIN MÖRRUM: INDA MAƘERAN AGOGO SUKA KOMA ƘERA INJIN FATSA

A kudancin ƙasar Suwidin, cikin lardin Blekinge, akwai wani kogi da ake kira Mörrum, wanda ya taso daga dazuzzukan Småland, ya ratsa ta cikin babban tabkin Åsnen, sa'an nan ya gangaro kudu ya faɗa Tekun Baltik. Tsawonsa duka bai cika kilomita 200 ba, watau in aka jera shi da Kwara ko Binuwai sai a ce rafi ne. Amma duk da haka da wuya a sami gwanin fatsa a ƙasashen Turai wanda bai ji labarinsa ba, saboda kifin da ke cikinsa, da kuma wani ƙaramin gari mai suna Svängsta da ke bakinsa, inda aka ƙera injunan naɗe zaren fatsa waɗanda har yau, bayan shekara hamsin da ɗoriya, ana kamun kifi da su.

Wanda ya taso daga birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak zai shiga jirgin ƙasa ya haye gadar Öresund da aka buɗe a shekarar 2000, ya yi tafiyar kamar awa uku ya sauka a Karlshamn, garin tashar jiragen ruwa. Daga nan zuwa bakin kogin tafiya ce kaɗan. Akwai hanyar ƙafa da ta bi gefen ruwan tun daga Elleholm, inda kogin ya haɗu da teku, ta wuce garin Mörrum da Svängsta ta yi arewa, kuma ita ce masu fatsa suke bi da sandunansu a kafaɗa.

Asalin sunan da kogin ya yi na kifin salmon ne. Tun a shekarar 1231 an rubuta a littafin dukiyar Sarki Valdemar na Danmak cewa sun salmon na Mörrum na sarki ne, domin a wancan zamani Blekinge tana hannun Danmak, ba ta koma Suwidin ba sai a 1658. A 1941 aka fara sayar wa masu fatsar nishaɗi takardar izinin kama shi, kuma har yanzu kowace shekara baƙi sukan cika garin, su tsaya cikin ruwa mai gudu har ƙugu, suna jiran rabonsu. To, amma ba labarinsu za a ba mai karatu ba. Akwai waɗansu masu fatsa da ba su damu da inda ruwa yake ƙara yana kumfa ba. Su sukan wuce gaba, su nemi inda kogin ya yi faɗi ya kwanta, inda ciyayi da bado suka rufe gaɓa, domin a nan ne ɓarawon kogi yake fako.

KIFI MAI BAKIN AGWAGWA

Ingilishi suna kiransa fayik, mutanen Suwidin kuwa suna ce masa gädda. Babu shi a kogunan Nijeriya, amma wanda ya san tsage ya san halinsa, domin shi ma da 'yan'uwansa kifaye yake rayuwa. Dogo ne siriri, launinsa kore-kore da ɗigon rawaya, bakinsa a baje kamar na agwagwa, cike da ɗaruruwan haƙora. Na muƙamuƙin ƙasa manya ne masu tsini, na dasashin sama kuwa ƙanana ne birjik, duk sun karkata ciki, saboda haka abin da ya shiga ba ya fita. Ƙayar bayansa tana can kusa da wutsiya, abin da ke ba shi ikon zabura kamar kibiya daga inda yake tsaye.

Fayik ba ya yawon neman abinci kamar sauran kifaye. Yakan sami gindin ciyawa ko ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, ya tsaya cik har tsawon lokaci, sai ƙaramin kifi ya gifta ya auka masa. Yana cin kwaɗi, yana cin 'yan tsakin agwagwar ruwa, kai har ƙannensa bai bari ba. Mata sun fi maza girma nesa ba kusa ba, kuma duk wanda aka ji ya kai kilo goma, to, kusan kullum mace ce. Mafi girma da hukumar lura da bajintar masu fatsa ta duniya ta amince da shi mai kilo 25 ne, wanda aka kama a Jamus a 1986. Mai fatsa a bakin kogi kuwa in ya sami mai kilo uku ko huɗu ya gode, in ya dace da mai kilo goma sau ɗaya a rayuwarsa jikokinsa za su gaji da jin labarin.

Masu kula da salmon ba sa ƙaunarsa, dalili kuwa shi ne yana tare 'ya'yan salmon a hanyarsu ta gangarawa teku. Amma ga talakan Suwidin na ƙauye, fayik shi ne kifin gida tun kaka da kakanni. Shi ne babban kifin da yaro yake fara kamawa, shi ne kuma akan dafa a ci da narkakken man shanu da wata saiwa mai yaji da ke hawa hanci.

DAGA AGOGO ZUWA FATSA

Baƙon da ya iso Svängsta zai ga gari ne ɗan ƙarami, shiru, gidaje na katako, kogi ya bi ta gefensa. Ba zai yi zaton sunansa yana rubuce a jikin miliyoyin injuna a faɗin duniya ba. Labarin ya faro ne a 1887, sa'ad da wani mutum mai suna Henning Hammarlund ya kafa masana'antar Halda a bakin kogin, yana ƙera agogon aljihu, daga baya aka ƙara da keken rubutu da mitar motocin haya. Da kamfanin ya durƙushe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ɗaya daga cikin ma'aikatansa, Carl August Borgström, ya sayi waɗansu injunan ya kafa nasa a 1921. Ya sa masa suna AB Urfabriken, ma'ana masana'antar agogo, kuma daga wannan suna ne aka taƙaita aka sami ABU.

Mitar tasi ce ta riƙe kamfanin har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Ko da yake Suwidin ba ta shiga yaƙin ba, man fetur ya yi wuya, motoci suka tsaya, kasuwar mita ta mutu. A lokacin ɗan mai kamfanin, Göte Borgström, shi ke riƙe da shi, ga shi kuwa mutum ne mai son fatsa, ga kogi a ƙofar masana'anta. Sai ya juya hannun maƙeran agogo zuwa ƙera injin naɗe zare, aka fitar da na farko mai suna Record a 1941. A 1952 suka fito da Ambassadeur, jan injin nan da ya kai sunan Svängsta har Amurka, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1960 suka kawo Cardinal, mai launin kore da ruwan madara, wanda shi ne abin alfaharin masu fatsar bakin kogi.

Abin mamaki, babban abokin gasar Cardinal shi ma daga hannun maƙeran agogo ya fito. Injin Mitchell 300, baƙi wuluk mai jiki kamar ƙwai, an fara ƙera shi ne a ƙarshen shekarun 1940 a garin Cluses na ƙasar Faransa, garin da ya yi suna wajen sassaƙa haƙoran agogo. Ba banza ba. Wanda ya saba yanka haƙoran ƙarfe waɗanda ba za su yi kuskuren daƙiƙa ba, yanka na injin fatsa wasa ne a wurinsa.

Ya kamata a bayyana wa mai karatu yadda wannan inji yake, tun da masuntanmu sun fi sabawa da koma da taru da mamari. Ana ɗaure shi ne a ƙarƙashin sandar fatsa, kusa da mariƙi. Zaren yana naɗe a kan wani mazari wanda ke fuskantar bakin sandar, kuma mazarin ba ya juyawa in an yi jifa. Akwai wani siririn ƙarfe lanƙwasasshe kamar baka da ke tare zaren. Mai fatsa zai buɗe shi, ya danne zaren da yatsa, ya wurga, ya saki, sai zaren ya riƙa warwarewa da kansa daga bakin mazarin har koto ya faɗa ruwa can nesa. Da ya murɗa hannun injin sai bakan ya rufe, ya shiga kewaya mazarin yana mai da zaren. Wani mai masaƙa ne a Ingila, Alfred Illingworth, ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma ba ta bazu ba sai bayan yaƙi, da zaren nailan ya wadata.

Sirrin injin yana wurin birki. Babban kifi in ya ja da ƙarfi zare zai tsinke, saboda haka aka sa waɗansu faya-fayai da ke barin mazarin ya sulluɓe ya saki zare kaɗan-kaɗan in jan ya yi yawa, kifin ya yi ta gudu yana jan nauyi har ya gaji. A yawancin injuna maɓallin birkin yana gaba, a kan mazari. Maƙeran Svängsta suka mai da na Cardinal baya, ta ƙasa, inda hannu zai kai gare shi ana tsakiyar kokawa ba tare da ya gitta zare ba. A cikinsa kuma suka haɗa haƙoran tagulla da na ƙarfe, suna cuɗanya cikin maiko.

Yau kantuna cike suke da sababbin injuna marasa nauyi, masu sauri, waɗanda yawancinsu a ƙasashen Asiya ake ƙera su, har da masu ɗauke da sunan Abu Garcia, sunan da kamfanin ya koma amsawa a shekarun 1980 bayan ya haɗe da kamfanin Garcia na Amurka. Gaskiya ce sun fi tsofaffin santsi. Tsohon Cardinal yana da nauyi, yana ƙara ƙas-ƙas in ana naɗi, ba ya shiri sosai da siririn zaren zamani na saƙa, kuma yana da lalurori biyu da kowa ya sani: sifirin bakansa yakan karye, mazarinsa na roba kuma yakan tsage in ya tsufa. Amma duk abin da ya lalace a jikinsa mutum zai iya kwance shi da sukuddireba a kan teburin cin abinci, ya wanke, ya sa sabon maiko, ya mayar. Ana sayen matattu domin a ciri kayan gyaran masu rai, kamar dai yadda ake yi da tsohuwar Fijo. Wannan ne ya sa injin da uba ya saya a 1970 yake hannun jikansa a yau, alhali sabon da aka saya shekara biyar da suka wuce an riga an jefar.

YINI GUDA A GAƁA

Lokacin da ya fi kyau shi ne watan Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ganyayen itatuwa suka koma ja da rawaya suna zuba a kan ruwa, sanyi kuma ya fi na tsakiyar hunturun Jos. A lokacin ne ciyayin ruwa suke mutuwa, fayik yana ci da haɗama domin ya tara ƙiba. Da zafin bazararsu masu hankali sukan ƙyale shi, domin kifin da aka wahalar cikin ruwa mai ɗumi sau da yawa ba ya rayuwa ko an sake shi.

Tilas ne mai fatsa ya fara yankar takardar izini. Ƙasar Suwidin tana da wata tsohuwar al'ada da ta ba kowa ikon ratsa dajin wani, ya tsinki 'ya'yan itace, har ya kafa tanti ya kwana, muddin bai yi ɓarna ba, amma wannan iko bai haɗa da kifin kogi ba. Ruwan yana da masu shi. A bakin teku ne da manyan tabkuna biyar na ƙasar aka yarda kowa ya yi fatsa kyauta.

Kayansa ba su da yawa: sanda, inji, jaka a kafaɗa, filaya mai dogon baki, da akwatin koton ƙarya. Ba a sa tana ko gara. Abin da ake ɗaurawa shi ne wani ƙarfe mai kama da cokali marar mariƙi, wanda in ana jansa yake lilo yana walƙiya kamar kifi mai ciwo, ko kuwa ɗan kifin roba mai leɓe. Masu son tsofaffin kaya sukan nemi na Svängsta su ma, irin su Atom da Toby da Hi-Lo, wanda ake iya tanƙwara leɓensa sama ko ƙasa domin ya bi saman ruwa ko ya nutse. Tsakanin zare da koto kuwa dole a sa guntuwar waya, in ba haka ba haƙoran fayik za su datse nailan kamar reza, ya tafi da ƙugiya a baki ya mutu a banza.

Mai jirgin ruwa yana iya zuwa inda ya so, amma na gaɓa da ƙafarsa yake nema. Yakan taka a hankali, ba ya barin inuwarsa ta faɗa ruwa, domin kifi na ganinka mai jar koma, kuma sau da yawa fayik yana kwance ne taku biyu daga inda mutum zai sa ƙafa. Saboda haka gwani yakan fara jifa kusa, a gefen ciyawa, kafin ya yi nesa. Ya jefa dama, ya jefa tsakiya, ya jefa hagu, in shiru ya ƙara gaba. Yakan duba inda ƙorama ta shigo kogi, da bayan babban dutse inda ruwa yake juyawa, da inda gaɓa ta yi zurfi farat ɗaya. Ba a naɗi bai ɗaya. A ja, a dakata cokalin ya yi kamar zai nutse, a sake ja, kuma yawanci a wannan dakatawa ne ake jin bugun.

Wani lokaci ba a jin kome sai a ga inuwa doguwa ta biyo koto har gindin ƙafa, ta tsaya, ta dubi mutum, ta juya. Wani lokaci kuwa ruwa ne zai fashe, sanda ta lanƙwashe, tsohon inji ya ɗauki kuka zare yana fita. A nan ne ake sanin amfanin birki mai kyau. Fayik ba ya dogon gudu, amma yana da fizga, yana girgiza kai, yana tsalle, kuma ya san hanyar saiwoyi. In ya gaji akan jawo shi cikin ragar hannu, a kwantar da shi a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, a cire ƙugiya da filaya, a auna tsawonsa. Wanda ya kuskura ya sa yatsa a bakin nan zai koma gida da jini. A ƙarshen Nuwamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, saboda haka yinin gajere ne, mutum na iya tafiyar kilomita biyar ya dawo da labarin kifi ɗaya.

Yawancin masu fatsar yanzu sukan mayar da manyan cikin ruwa, su ɗauki matsakaici ɗaya in suna son miya. Naman fari ne mai daɗi, sai dai ƙaya masu reshe biyu sun yi masa yawa, kuma hukumar abinci ta ƙasar tana gargaɗin mata masu ciki da masu shayarwa kada su ci shi fiye da sau biyu ko uku a shekara, saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikin kifin da ke cin kifi.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Wanda ya bi kogin ya gangara har Elleholm zai ga ya buɗe ya shiga wani lungun teku mai tsibirai da duwatsu. Tekun Baltik gishirinsa kaɗan ne, bai fi kashi ɗaya cikin biyar na babban teku ba, shi ya sa fayik yake iya zama a cikinsa, kuma tsibiran Blekinge sun yi suna ƙwarai wajen manyansa har baƙi suna zuwa daga Jamus da Folan. Amma tun daga shekarun 1990 aka fara lura kifin yana raguwa a wurare da dama na gaɓar gabashin Suwidin.

Dalilin farko yana kan tudu. Fayik ba ya yin ƙwai a zurfi. A watan Maris da Afrilu, in ƙanƙara ta narke ruwa ya malala cikin fadamu, sai ya hauro ƙoramu ya shiga cikin ciyawar da ruwa ya shanye, inda zurfin bai wuce gwiwa ba, ya zuba ƙwai masu danƙo su manne a jikin haki. A nan ruwa yake saurin ɗumi, a nan ƙwarin da 'ya'yan za su ci suke. Masana na Jami'ar Linnaeus da ke Kalmar sun bincika wani ɗan dutse da ke cikin kunnen kifin, wanda ke riƙe alamar ruwan da ya girma a ciki, suka tarar kusan rabin waɗanda aka kama a teku a yankinsu a ruwan daɗi aka ƙyanƙyashe su, kuma sukan koma ƙoramar da aka haife su in za su yi ƙwai. To, waɗannan fadamu su ne manoma suka yi ta haƙa wa lambatu suna tsotsewa tun ƙarni na 19 domin su sami gonaki, da taimakon gwamnati. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na dausayin ƙasar ya tafi ta haka, a filayen noma na kudu kuwa abin da ya tafi ya fi abin da ya rage yawa ƙwarai.

Sauran dalilan suna cikin teku. Wani ɗan kifi mai ƙaya uku a baya, wanda bai fi yatsa ba, ya yi yawa ainun, yana shiga lunguna yana cinye 'ya'yan fayik tun ba su yi wayo ba, watau abincin jiya ya koma mai cin 'ya'yan maigida. Ga tsuntsayen ruwa masu nutso da karnukan teku da suka ƙaru, ga kuma masu fatsa su kansu, waɗanda ba su son a ambace su cikin lissafin. A 2010 hukuma ta kafa doka a yawancin gaɓar Baltik cewa mai fatsa ba zai ɗauki fiye da fayik uku a yini ba, kuma sai wanda tsawonsa yake tsakanin santimita 40 da 75, domin a bar manyan mata masu ƙwai da yawa. An kuma rufe waɗansu lunguna a lokacin ƙwai.

A kan kogin Mörrum kansa an ga canji. A 2020 aka rushe madatsar lantarki ta Marieberg da ke kusa da Svängsta, ruwan da ya yi shekaru kwance ya koma gudu a kan duwatsu. Salmon ya ci riba, fayik kuwa ya rasa wani ɗakinsa, kuma babu mai hankalin da zai ce an yi kuskure, domin can ma ba wurinsa ba ne.

Nasa gyaran a fadamu ake yinsa. Ƙungiyar masu fatsa ta ƙasar, Sportfiskarna, tana bin gaɓar teku tana shawo kan masu filaye su bari a maido da ruwa cikin waɗansu tsofaffin makiyaya. Akan yi 'yar madatsa mai ƙofa a bakin lambatu, a tare ruwan narkewar ƙanƙara ya kwanta a kan ciyawa, a bar wa kifi hanyar shiga. Suna kiran irin wannan wuri masana'antar fayik. A watan Afrilu mutum yana iya tsayawa a gefe ya ga bayan manyan mata a waje suna kutsawa cikin haki, ƙananan maza biyu ko uku suna manne da kowace. In farkon bazara ya yi sai a buɗe ƙofar a hankali, 'ya'yan da ba su wuce tsawon yatsa ba su bi ruwa su gangara teku dubbai, filin ya bushe, a koro shanu su yi kiwo.